Yadda ake tayar da tsofaffin faya-fayan Flash a kan Windows 10 da 11

Da wuya wata ya wuce ba a kawo mini irin wannan aiki a shago ba. Mushen lakkol zai zo da faifan darasin kimiyya da ya shekara goma yana koyarwa da shi, ko mai makarantar koyon tuƙi ya zo da faifan kod, wanda ke nuna alamun hanya yana yi wa ɗalibi tambaya. Tsohuwar kwamfutarsa ta mutu, ya sayo wata daga Kano ko Yamai, ya sa faifan, sai farin fili kawai, ko wani ɗan rubutu mai cewa ba a ɗaukar wannan abu yanzu. Yawancinsu kafin su iso wurina sun riga sun biya ta hannun yaro biyu ko uku a kasuwa, an cika musu na'ura da tarkace. Saboda ƙannenmu da ke koyon sana'ar nan a Maraɗi na rubuta wannan, don kada su maimaita ɓarnar da muka yi a farko.

Ga abin da ya faru a taƙaice. Kamfanin Adobe ya sanar tun Yulin 2017 cewa zai daina Flash Player, manhajar da ke kunna zanen motsi, wasanni da darussa a cikin burauza, ya kuma daina a ranar 31 ga Disamba 2020. Daga 12 ga Janairu 2021 nau'o'insa na ƙarshe suka kulle kansu, ba sa kunna komai. A cikin wannan watan Chrome 88 da Firefox 85 suka fito babu gurbin Flash ko kaɗan. Shi ma Microsoft ya aiko da gyara mai lamba KB4577586 da ke cire shi daga Windows. Windows 11 da ya fito a Oktoban 2021 bai taɓa zuwa da shi ba. Saboda haka ba lalacewa kwamfutar ta yi ba, kuma babu wani Flash da za ka ɗora wa sabuwar burauza ya zauna. Abin da muke yi shi ne mu kawo wata manhaja da ta iya karanta fayilolin Flash a madadinsa. Sunanta Ruffle, kyauta ce, kuma ita ce rumbun Internet Archive ke amfani da ita tun ƙarshen 2020 wajen kunna tsofaffin wasanni.

Kayan aiki

Kwamfutar da za a yi wa aikin, da kalmar sirrin mai ita idan akwai. Faifan CD ɗin ko kilen da kayan ke ciki. Na'urar karanta CD ta waje mai shiga ta USB, domin sababbin kwamfutoci na hannu ba sa zuwa da ramin faifai. Idan ba ka da ita, nemi tsohuwar kwamfuta a siber ka kwashe kayan zuwa kile. Wani kile daban wanda ka tabbata babu birus a ciki. Ɗan forfe na intanet: abin da za mu sauke duka bai kai mega ɗari biyu ba, har da VLC, manhajar kunna bidiyo. Sai batir mai caji ko ondiler, don kuran na iya ɗaukewa kana tsakiyar kwafa. Ka tanadi biro da takarda kuma, za ka buƙaci rubuta sunayen fayiloli.

Wani abu: kwamfutocin da ke zuwa ta Ɗan Isa galibi da Ingilishi suke, na Yamai da Kwatano da Faransanci. Zan riƙa faɗin sunan maɓalli da Faransanci, inda ya bambanta sosai in ƙara na Ingilishi.

1. Kwashe kayan gaba ɗaya kafin ka taɓa komai

Buɗe sabuwar folda a kan faifan C, ka ba ta gajeren suna marar wasali mai hula kuma marar tazara, misali C:\kod. Kwafo duk abin da ke cikin CD ɗin ka zuba a ciki, duka, har da ƙananan foldojin da ba ka san amfaninsu ba. Kuskuren da na fi gani shi ne yaro ya ɗauko fayil guda da ya ga kamar shi ne darasin ya bar sauran. Fayil ɗin Flash sau da yawa kwarangwal ne kawai. Muryar, hotunan da tambayoyin suna cikin wasu foldoji a gefensa, kuma yana nemansu da ainihin sunansu da mazauninsu. Ka canja sunan folda ɗaya, darasi ya buɗe babu murya.

Idan kwafa ta tsaya a wani fayil, faifan ne ya karce. Goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba da'ira ba, ka sake gwadawa. Ƙurar hunturu tamu ba ta barin faifai lafiya. Idan ya ƙi, tsallake wannan fayil, ka rubuta sunansa, ka tambayi mai kayan ko abokin aikinsa na da irin faifan. Da ka gama, yi kwafi na biyu a kile ka ajiye gefe.

2. Gano me ke hannunka

Wannan matakin ne ke raba mai gyara da mai lalube, kuma nan nake so ka daɗe. Windows yana ɓoye wutsiyar sunan fayil, wato haruffa uku ko huɗu da ke bayan ɗigo. Bayyana su: a Windows 11, cikin tagar foldoji danna Afficher, ka sake danna Afficher a ƙasa, ka zaɓi Extensions de noms de fichiers. A Windows 10 yana ƙarƙashin Affichage. Da Ingilishi View ne, sannan File name extensions.

Yanzu duba foldar. Idan ka ga fayiloli masu wutsiyar swf, Flash ne na gaske, Ruffle ce maganinsa. Idan flv ka gani ko f4v, bidiyo ne tsagwaronsa, ba ya buƙatar Ruffle ma. Sauke VLC daga videolan.org ka kunna, aiki ya ƙare. Na taɓa shafe yini guda ina kokawa da wani faifan wa'azi kafin in lura bidiyoyi ne guda goma sha biyu a cikin folda, Flash ɗin jerin sunayensu kawai yake nunawa. Tun ranar nake fara leƙa foldoji kafin in sauke komai.

Idan akwai fayil mai wutsiyar exe guda babba a bakin faifan, mai yiwuwa Flash ɗin na ƙunshe a cikinsa, ba ya buƙatar burauza. Je mataki na 5. Idan html ne tare da swf, darasin an yi shi ne don ya buɗe cikin burauza. Mataki na 3 da na 4 naka ne. Idan kuwa ka ga dcr, dxr ko cxt, wannan Shockwave ne, ɗan'uwan Flash da aka daina tun Afrilun 2019. Ruffle ba ta karanta shi, kada ka ɓata forfenka. Wuce zuwa mataki na 6.

3. Sauke Ruffle ta kan kwamfuta

Rubuta adireshin da hannunka a saman burauza: ruffle.rs. Kada ka rubuta "Flash Player" a Google ka danna abin da ya fara fitowa. Duk shafin da ya ce maka Flash ɗinka ya tsufa, danna nan ka sabunta, ɓarawo ne, ba ni da shakka a kan wannan. Wanda ya yi Flash ɗin ya ce ya daina, to wa ke sabunta shi? Da irin wannan ne ake samun kwamfutar da ke buɗe tallace-tallace ita kaɗai, wani lokaci har a kulle wa mutum fayilolinsa a nemi kuɗi.

A shafin, shiga wurin saukewa ka zaɓi na Windows. Akwai na Windows mai 64-bit da na mai 32-bit. Windows 11 duka 64 ne. Idan Windows 10 ne, duba a Paramètres, Système, sannan À propos de, za ka ga nau'in. Idan fayil mai wutsiyar zip ka sauko, danna shi da maɓallin dama na linzami ka zaɓi Extraire tout, ka warware shi a folda kamar C:\ruffle. Kada ka kunna shi daga cikin zip ɗin kai tsaye.

Wani lokaci Windows zai fito da shuɗin allo yana cewa ya kare kwamfutarka daga manhajar da bai sani ba. Idan ka tabbata daga ruffle.rs ka sauko, danna Informations complémentaires, sannan Exécuter quand même. Idan daga kilen wani ka karɓa, ba ka san inda ya samo ba, kar ka danna.

Ruffle za ta buɗe ta tambaye ka fayil. Nemi babban swf na darasin. Yawanci sunansa index, main, start, menu ko accueil, kuma yana bakin folda ba can ciki ba. Idan ba ka gane shi ba, buɗe fayil ɗin html da Bloc-notes, ka danna Ctrl da F ka nemi swf; sunan da ya fara fitowa shi ne ƙofar shiga. Idan ya buɗe, bi darasin har ciki: danna babi na farko da na tsakiya da na ƙarshe, saurari murya, amsa tambaya ka ga ko maki na ƙirguwa. Kada ka ga shafin farko ya yi kyau ka ce wa mai kaya an gama.

Don kada mushe ya riƙa wannan lalube kullum, danna swf ɗin da maɓallin dama, zaɓi Ouvrir avec, ka nuna masa ruffle.exe, ka ce a riƙa amfani da shi koyaushe. Sannan ka aika gajeriyar hanya zuwa fuskar kwamfuta ka sa mata suna da Hausa ko Faransanci yadda zai gane.

Idan Ruffle ta buɗe baƙin allo ko ta rufe kanta nan take, galibi katin hoto ne. Tsofaffin kwamfutocin ofis da aka tilasta wa Windows 11 sun fi yin haka. Fara da barin Windows Update ya sabunta direban katin. Idan bai yi ba, yi wa ruffle.exe gajeriyar hanya, ka danna ta da maɓallin dama, Propriétés, a layin Cible ka ƙara tazara ɗaya da --graphics gl a ƙarshe. Wannan na sa ta bi tsohuwar hanyar zana hoto da ƙananan katuna suka fi jurewa.

4. Sa Ruffle a cikin burauza

Wannan na masu shiga tsohon shafin intanet ne da har yanzu ke ɗauke da Flash, ko faifan da ya ƙi tafiya sai ta html. A shafin ruffle.rs ɗin dai akwai hanyar zuwa rumbun ƙarin Chrome, na Firefox da na Edge. Bi ta can, ka danna Ajouter, ka amince. Rufe shafin da kake son gani ka sake buɗe shi. Inda da farin fili ne za ka ga maɓallin kunnawa mai ruwan lemo. Idan hoto na motsi babu sauti, danna cikin hoton sau ɗaya. Burauza ce ke hana sauti tashi sai mutum ya taɓa. Don ka tabbatar Ruffle ce ke aiki, danna maɓallin dama a kan hoton, za ka ga sunanta a ƙasan jerin.

Ga inda gizo ke saƙa. Idan html ɗin yana kan kwamfutar ne ba a intanet ba, burauza na hana shafi ya jawo wasu fayiloli daga faifai, don tsaro. A Chrome rubuta chrome://extensions, danna Détails a ƙarƙashin Ruffle, ka kunna Autoriser l'accès aux URL de fichier. Wani lokaci wannan ya isa, wani lokaci bai isa ba. Idan bai isa ba, dabarar ita ce ka sa kwamfutar ta zama kamar ɗan ƙaramin gidan yanar gizo ga kanta. Sauke manhajar Python daga python.org, wajen girkawa ka sa alama a akwatin da ke maganar PATH a ƙasan tagar farko (mantawa da wannan akwati shi ke sa a ce ba a san umarnin ba). Buɗe foldar darasin, danna layin adireshinta a sama, rubuta cmd ka danna Entrée. A baƙar tagar da ta fito rubuta python -m http.server 8000. Bar tagar a buɗe, koma burauza ka rubuta localhost:8000. Darasin zai buɗe kamar daga intanet yake, alhali ko rezo babu. Idan Windows ya tambaya ko a bar wasu na'urori su shigo ta wannan hanya, kana iya ƙi, aikin zai tafi.

Ni dai ba na barin wa mutumin da ba gwani ba wannan hanya sai dole, domin duk ranar da ya rufe baƙar tagar zai kira ni ya ce abu ya lalace. Idan dole ce, rubuta umarnin cikin Bloc-notes, ka adana shi a foldar darasin da wutsiyar bat, ya riƙa danna shi kafin ya buɗe burauza.

Ka faɗa wa mai kaya abu guda: makin ɗalibai da inda aka tsaya a darasi, Ruffle ta burauza tana ajiye su ne cikin ma'ajiyar burauzar. Ranar da aka share tarihin burauza gaba ɗaya, sun tafi.

5. Idan exe ne

Danna shi sau biyu ka gani. Da yawansu suna tashi lafiya a Windows 11 ba tare da an yi musu komai ba, tunda na'urar kunnawar na cikinsu. Amma ka fara bin foldar da Windows Defender, mai kama birus na Windows, tukuna. Kilen da ya zaga siber uku ba abin yarda ba ne. Idan ya ƙi tashi ko ya fito a murɗe, danna shi da maɓallin dama, Propriétés, Compatibilité, ka zaɓi Windows 7, in bai yi ba Windows XP Service Pack 3. A nan ne kuma ake samun zaɓin rage girman allo zuwa 640 x 480 don faifan da rubutunsa ya fito ƙanana kamar tururuwa.

Wasu faya-fayan suna duba ko CD ɗin na cikin rami kafin su yarda su buɗe. Irin waɗannan sai da na'urar karantawa ta waje a jone. Wasu kuma na shekarun 1990 manhajar girka su ta 16-bit ce, wadda Windows mai 64 ba ya kunnawa ko me ka yi masa. Kada ka wahalar da kanka, duba ko akwai swf a cikin foldoji ka ba Ruffle.

6. Idan Ruffle ta kasa

Tana kasawa, ba a ɓoye wannan. An rubuta kayan Flash da harshe iri biyu: tsohon, ActionScript 1 da 2, da kuma ActionScript 3 da ya zo da Flash Player 9 a 2006. Ruffle ta fi ƙwarewa a tsohon, na ukun kuma ana ta cike shi. Masu yin ta suna fitar da gyara kusan kullum, don haka faifan da ya ƙi bara yana iya yi bana. Kafin ka yanke ƙauna, sauko da ta yau ka gwada.

Idan wasa ne ko zanen motsi da ya yi suna a intanet a da, duba Flashpoint Archive, rumbun tsofaffin wasannin Flash. Ɗauki nau'in Infinity, mai sauko da abu ɗaya-ɗaya lokacin da ka nema. Kada ka kusanci Ultimate, ya haura tera guda, ko forfen wata nawa ka saya ba zai sauko ba.

Idan kuwa kayan aikin wata makaranta ne da ba a samu ko'ina, hanyar da na fi yarda da ita mai sauƙi ce: a ware tsohuwar kwamfuta guda mai Windows 7 ko XP da tsohon Flash ɗinta, a cire mata wayar intanet, a kashe Wi-Fi, a bar ta don wannan aiki kaɗai. A kasuwa ba a rasa irinsu da araha. Mai kwamfuta mai ƙarfi, wadda ƙwaƙwalwarta ta kai giga 8, yana iya yin haka a cikin VirtualBox, manhajar da ke kunna wani Windows a cikin naka, ya girka tsohon Windows a ciki ya rufe masa hanyar intanet. Flash da ya wuce lamba 32.0.0.371 yana ɗauke da makullin ranar nan ta Janairu, don haka na ƙasa da shi ake nema, wanda sau da yawa yana kan CD ɗin kansa a wata folda.

Wasu yara suna mayar da agogon kwamfuta baya zuwa 2020 don su yaudari makullin. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. A sabuwar burauza ba ya amfanar komai tunda gurbin Flash ɗin ma babu, sannan da agogo ya koma baya kusan duk shafi mai https zai ƙi buɗewa yana kukan takardar shaida, har WhatsApp na kwamfuta. An taɓa kawo mini wata daga wajen Tibiri a kan wai intanet ɗinta ya mutu, an canja mata katin Wi-Fi a banza; kwanan wata kawai na gyara. Haka kuma kada ka girka wa mutum tsohon Chrome ko Firefox na 2020 ya ci gaba da shiga asusunsa da shi. Garin neman gira za a rasa ido.

7. Na'urar kamarar tsaro

Wannan ba Flash ba ne, amma da sunansa ake kawo shi. Alhaji ya sa kamarori a sito shekarun baya, ana kallonsu ta Internet Explorer, tsohuwar burauzar Microsoft, yanzu sabuwar kwamfuta ta ce a girka wani ƙari, an girka, hoto bai fito ba. Ƙarin nan ActiveX ne, Internet Explorer kaɗai ya san shi, Internet Explorer ɗin kuma an yi masa ritaya a 15 ga Yuni 2022. Amma injinsa na nan ɓoye cikin Edge. Rubuta edge://settings/defaultBrowser, ka yarda a riƙa sake buɗe shafuka a yanayin Internet Explorer, ka ƙara adireshin na'urar a jerin da ke ƙasa, irin 192.168.1.64 ko duk lambar da take da ita, tare da http a gaba. Rufe Edge ka sake buɗewa. Girka ƙarin daga shafin na'urar kanta, ba daga wani wuri ba, kuma burauza a rufe lokacin girkawa. Adireshin da ka ƙara yana faɗuwa daga jerin bayan kwana 30, sai an sake sa shi, don haka nuna wa yaron shagon yadda ake yi tun kana wurin. Kafin ma ka shiga duk wannan, duba ko kamfanin na'urar yana da manhajar kallo ta kwamfuta ko ta salula. Idan akwai, ita ta fi kwanciyar hankali.

8. Kafin ka miƙa kaya

Cire duk abin da aka girka da sunan Flash kafin a kawo maka: duba Paramètres, Applications, ka kuma duba jerin ƙarin burauza ka goge wanda ba ka sani ba. Bar Defender ya bi kwamfutar gaba ɗaya. Kashe ta, ka kunna, ka cire CD ɗin da intanet, sannan ka ce wa mai ita ya zauna ya buɗe darasin da hannunsa kana tsaye. Kwafin da ka yi a mataki na 1 ka zuba masa foldar Ruffle a ciki, ka ce ya ajiye kilen a gida cikin leda, ba a aljihun da yake sa makullin babur ba. Idan Windows 10 ne, gaya masa Microsoft ya daina ba shi gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Ranar da ya koma 11, foldoji biyun nan kawai zai kwafa zuwa C, ya sake nuna wa swf ɗin ruffle.exe kamar yadda aka yi a mataki na 3.